Galektin, furotin mai kama sukari a fatar mutum: tambayoyi da amsoshi

Ina koyar da ilimin sinadaran jiki a nan Katsina, kuma duk shekara idan muka zo babin furotin masu kama sukari, sai aji ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan tambayoyi su ɓarke. A gida ma ban tsira ba. Ranar da Gwaggona ta ji ina waya da wani ɗalibi ina ta ambaton sukari da fata, ajiye ludayin furarta ta yi ta ce, "Kai ɗan nan, wato shayin da nake sha ne ya hana ƙafata warkewa?" Tambayoyin nan daga aji na tattaro su, da gida, da majalisarmu ta wajen Ƙofar Ƙaura. Wasu na sallame su a taƙaice, wasu kuma sun ja ni da nisa.

Wane irin furotin ne wannan, kuma me ake nufi da yana kama sukari?

Jikin mutum gini ne na ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sai da madubin ɗakin gwaji. Babu ƙwayar da take tsirara. Kowacce tana lulluɓe da gajerun sarƙoƙi na sukari iri-iri da suka tsiro a bayanta, kamar gashin nan mai laushi da ke jikin ɗan kuka. Sarƙoƙin ba ado ba ne, shaida ce. Da su ake gane wannan ta gida ce, waccan baƙuwa, wannan lafiyarta ƙalau, waccan ta lalace. Furotin da ke karanta wannan shaida, su laluba su manne wa irin sukarin da ya dace da su kaɗai, su ake kira lektin.

A jikin tsiro aka fara cin karo da su. A 1888 wani ɗalibi mai suna Peter Hermann Stillmark, a jami'ar Dorpat da ke ƙasar Estoniya ta yau, ya tatso wani sinadari daga 'ya'yan zurma, zurmar nan da ke fitowa a kan juji, ya ga yana sa jajayen ƙwayoyin jini su dunƙule. Shi ne gubar da ake kira risin. Sai a 1954 William Boyd na Amurka ya raɗa sunan lektin, daga wata kalmar Latin mai nufin zaɓa.

Galektin zuriya ɗaya ce a cikin dangin lektin. Abin da suke so shi ne sarƙar da ke ɗauke da galaktos, wani sukari da shi ne rabin sukarin nono, kuma sunansa ma daga kalmar nono ya fito a harshen Girka. A 1975 masu bincike a Isra'ila suka ciro na farko daga wani kifi mai lantarki na Kudancin Amurka, mai halin minjiryarmu. A 1994 masana suka haɗu a kan sunan galektin.

Wato sukarin shayi ne yake kamawa?

A'a. Sukarin shayi na ƙonawa ne, jiki ya sami ƙarfi. Sarƙoƙin da nake magana a kai jiki ne ke ƙera su da kansa a cikin kowace ƙwaya, bisa tsarin da mutum ya gada. Rukunin jini misali ne: bambancin mai A da mai B da mai O bai wuce ɗan sukari guda da ke ƙarshen sarƙa a bayan jajayen ƙwayoyin jini ba. Ko buhun sukari mai O ya shanye ba zai koma A ba. Haka nan shan nono ko barinsa ba ya ƙara wa fata galektin, ba ya rage shi. Amma tambayar Gwaggo tana da ƙamshin gaskiya ta wata fuskar, zan dawo kanta.

Guda nawa ne, kuma waɗanne ne a fata?

An gano wajen 15 a dabbobi masu shayarwa, aka ba su lambobi. Mutum ba shi da su duka, don wasu na ɓeraye ne, wasu na tumaki da awaki. A fata, uku aka fi ji: galektin-1, galektin-3 da galektin-7.

Galektin-7 ɗan gida ne. A 1995 aka gano shi a ƙwayoyin saman fata, kuma a nan ya fi yawa, sai wuraren da shimfiɗarsu ke hawa-hawa kamar fata, irin su cikin baki da maƙoshi da tantanin nan mai haske da ke gaban ƙwayar ido. Galektin-3 kuwa ɗan yawon duniya ne, yana fata, yana hanji, yana cikin ƙwayoyin garkuwar jiki. Saboda yawonsa, masu bincike daban-daban sun yi ta gano shi kowa na raɗa masa nasa sunan kafin a fahimci yaro ɗaya ne ake ta yi wa suna. Shi kaɗai ne a zuriyar ke da dogon wutsiya. Da wutsiyar yake sarƙe 'yan uwansa su zama gungu, kowa kuma hannunsa na riƙe da sukari, sai su saƙa wata raga a bayan ƙwaya kamar saƙar zana. Ragar ce ke riƙe masu karɓar saƙo, wato furotin da ke bayan ƙwaya suna jin umarnin da ke zuwa daga waje, a wurinsu, ta ƙayyade tsawon zamansu a waje kafin a janye su ciki.

Me suke yi a fatar da ke lafiya lau?

Fatar babban mutum in aka shimfiɗa ta za ta kusa murabba'in mita 2, kuma samanta kullum cikin sabuntawa yake. Ana haifar sababbin ƙwayoyi a ƙasa, su turo na sama, na saman su bushe su zube. Zagayen yakan ci wajen wata guda. Farin garin nan da ke tashi in ka sosa ƙwaurinka da hunturu, gawarwakinsu ne.

Galektin-7 yana taimaka wa ƙugiyoyin da ke haɗa ƙwaya da maƙwabciyarta su zauna daram. Galektin-3 yana kula da kai-komon mai karɓar saƙon girma, wato wanda ke gaya wa ƙwaya ta rabu biyu ko ta matsa gaba, kuma yana da hannu a jigilar kayan da ƙwayoyin launi ke haɗa melanin da su, sinadarin da ya ba mu baƙar fata.

Akwai wani aikin da ya fi burge ni. A can cikin ƙwaya akwai 'yan jakunkuna, kuma sarƙoƙin sukarinsu ta ciki suke, ba a ganinsu daga waje. Idan ƙwayar cuta ta huda jaka, sukarin ya bayyana, sai galektin-3 da galektin-8 su taru a kan hujin, su yi masa alama don a gyara ko a share. Kamar mai shagon hatsi ne da ya shigo da safe ya ga gero a ƙasa: bai ga ɓera ba, amma ya san wani buhu ya ɓule.

Ranar Katsina fa? Tana da alaƙa da shi?

Tana da ita. A cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, mai lalata kundin gado da ke cikin ƙwayoyin fata. Ƙwayar da kundinta ya lalace ƙwarai, gara ta mutu da ta ci gaba da haihuwa, don daga irinta ciwon daji, wato cutar kansa, ke farawa. Jiki yana da mai gadi na wannan aiki, furotin mai suna p53, kuma galektin-7 yana cikin waɗanda yake tasa. A 1999 masu bincike a Faransa suka nuna cewa ƙwayoyin da ke kashe kansu bayan ƙunar rana cike suke da galektin-7.

Mai baƙar fata melanin na tare masa kaso mai yawa na wannan haske. Zabiya ba shi da wannan laima, shi ya sa ranar Afrilu da ke sa mu gumi kawai, shi ƙona shi take yi. Malafa mai faɗi, riga mai dogon hannu, man kariyar rana, da kauce wa tsakar rana, a wurinsa magani ne ba kwalliya ba.

Yaya yake taimaka wa rauni ya warke?

A nan ne nake so a tsaya a duba da kyau, don duk sauran labarin a nan yake.

Ka ɗauka wuƙa ta yanke ka wajen yankan albasa. Jini ya daskare, ɓawo ya rufe. A ƙarƙashin ɓawon, ƙwayoyin da ke bakin raunin suna sassauta riƙon da suka yi wa juna, su baje, su fara rarrafe zuwa tsakiya, na baya suna haihuwa suna cike gurbi. Ba a warwatse suke tafiya ba, a jere suke kamar 'yan gayya a gona. Idan suka haɗu da na ɗaya ɓangaren sai su tsaya. Ɗan farin gefen nan mai sheƙi da kake gani a bakin rauni bayan kwana uku ko huɗu, su ne.

Masu bincike sun samar da ɓerayen da aka cire musu galektin-7. Ɓerayen sun girma lafiya, fatarsu sumul, amma da aka ji musu rauni sai rufewar ta yi jinkiri. An ga irin wannan jinkiri a ɓerayen da ba su da galektin-3. Da na kawo nan a aji, wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "To Malam, ai sai a ƙara wa mutum shi kawai." Haka kowa zai zata. Amma a 2015 masu bincike a Faransa sun yi ɓerayen da fatarsu ke fitar da galektin-7 fiye da ƙima, sai ga ƙugiyoyin da ke haɗa ƙwayoyin sun yi rauni, warkewar ma ta sake yin jinkiri. Ya yi kaɗan, matsala. Ya yi yawa, matsala. Gishirin miya ke nan.

Kuma wurin da yake tsaye yana canza halinsa. Galektin-3 a cikin ƙwaya yakan hana ta mutuwa, amma in ya fito waje ya manne a bayan wasu ƙwayoyin garkuwa yakan iya kashe su. Shi ya sa duk wanda ya ce maka wannan furotin maƙiyi ne a tare shi, ko masoyi ne a ƙara shi, rabin labari ya ji.

To me ya sa gyambon mai ciwon suga ke daɗewa?

Ga inda Gwaggo ta yi gaskiya. Idan sukarin jini ya daɗe a sama, yakan liƙe wa furotin na jiki barkatai, ba bisa tsari ba. Irin abin da ke faruwa ne a gindin tukunya har tuwo ya zama ƙanzo, sai dai a jiki a hankali yake tafiya, shekara da shekaru. Zaren da ke ƙarƙashin fata ya ƙage, ƙananan hanyoyin jini su ƙuntace, jijiyoyin ji su dakushe. Galektin-3 yana cikin furotin da ke kama waɗannan ƙonannun kaya, tun 1995 aka nuna haka. Gwajin nan na HbA1c da likita ke rubutawa, awon irin wannan liƙewar ce a jajayen ƙwayoyin jini, shi ya sa yake ba da labarin wata biyu zuwa uku da suka wuce.

Ƙafar Gwaggo ƙaya ce ta soke ta a tsakar gida ba ta ji ba. Ta kusa mako uku tana ɓoyewa, tana ɓare kafso tana barbaɗawa kamar yadda wani mai kemis ya gaya mata. Ranar da ta yarda na kwance tsumman, gefen ciwon ya yi kauri fari fat kamar ƙirgi, tsakiyar ba ja ba, toka-toka, ga wari. Na ce, "Gwaggo, wannan ba na gida ba ne, asibiti za mu." Ta ce, "Ai ba ya mini ciwo, ɗan nan." Na ce rashin ciwon ne ya fi ba ni tsoro. Abin da aka yi mata ba sabon abu ba ne: an kankare mataccen nama, an sauko da sukarin, an hana ta taka wurin, ana wanki a kan kari. Sai da aka kankare ne ƙwayoyin bakin raunin suka sami ƙasar da za su rarrafa a kai. Mai ciwon suga ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kullum da dare, ko ya sa jika ya duba masa da tocila.

Tabon nan mai tasowa bayan aski ko hujin kunne fa?

Wanzamin unguwarmu ne ya yi mini wannan tambaya, yana wasa askarsa a kan fata. Ya ce, "Malam, aska ɗaya nake sa wa wa da ƙane, ɗaya ya warke kamar ba a taɓa ba, ɗaya ƙeyarsa ta yi tsiro. Sai a ce hannuna ne." Likitoci suna kiran wannan tabo kiloid. Ya fi yawa a baƙar fata, yana bin gida, kuma ya fi son kunne, ƙirji, kafaɗa da haɓa. Warkewa ce da ta manta tsayawa: ƙwayoyin da ke saƙa zaren fata su yi ta saƙa har tabon ya wuce iyakar raunin.

An sami galektin-1 da yawa a irin wannan tabo, kuma an san yana zuga masu saƙar. Galektin-3 shi ma ya yi ƙaurin suna wajen tabon cikin jiki, a hanta da huhu da ƙoda da zuciya, don ɓerayen da ba su da shi tabonsu ba ya kai na sauran. Maganin da ake yi a asibiti yanzu shi ne allura a cikin tabon, da faifan silikon, da matsi. Yankewa kaɗai yawanci dawowa yake yi, wani lokaci ya fi na da. Wanda ya san a gidansu ana yi, ya yi tunani kafin ƙaho, tsaga, ko ƙarin huji a kunne.

Ƙaiƙayi, egzima da soriyasis, yana da hannu?

Bari in fara da gyara. Abin da mutanenmu ke kira egzima, farin tabo-tabon nan na wuya da baya, yawanci kyasfi ne, kuma fangas ke kawo shi, wato dangin funfuna. Egzimar likitoci daban ce: bushewa da ƙaiƙayi mai hana barci, a lanƙwasar gwiwa da gwiwar hannu, tun ana yara, sau da yawa tare da asma. A wannan, ɓerayen da ba su da galektin-3 ciwonsu ya fi sauƙi, kuma ana samun galektin-7 ya hau a jinin masu ita.

A soriyasis labarin ya juye. Ita cuta ce da fata ke gaggawar haihuwa, abin da ke cin wata guda ya koma 'yan kwanaki, sai ɓawo mai kauri ya taru a gwiwa, gwiwar hannu da fatar kai. A wuraren da ta kama, galektin-7 da galektin-3 raguwa suke yi, kuma a 2021 masu bincike a Taiwan suka nuna raguwar galektin-7 tana ƙara wa kumburin wuta. Furotin ɗaya, cuta biyu, a nan ya hau a can ya sauka. Dukansu biyu ba a ɗaukarsu ta musabaha ko cin abinci tare.

Yana yaƙi da ƙwayoyin cuta?

Yana yi, kuma ba shi kaɗai ba. Ƙwayoyin cuta ma suna da nasu sarƙoƙin sukari, kuma fata tana da masu gadi da ke karanta su. Akwai ƙwayoyin tsaro a saman fata da Paul Langerhans na Jamus ya gano a 1868, suna ɗauke da wani lektin mai suna langerin da suke cafke baƙi da shi. Wani lektin mai suna dektin-1 yana gane bangon fangas. Galektin-3 kuwa yana manne wa kandida, fangas ɗin da ke sa farin baki a jarirai da jan ƙaiƙayi a matsematsi, har ya kashe ta.

Amma wasu cututtukan sun koyi shiga ta wannan ƙofa. Akwai gyambon da wani ɗan ƙaramin ƙuda mai cizon dare ke kawowa a ƙasashen Sahel, har da Nijar da arewacin Najeriya, wanda likitoci ke kira lishmaniya. Ƙwayar cutar tana rataye a hanjin ƙudan ne ta hanyar galektin na shi ƙudan, da haka take tsira har ta iso fatar mutum. A kuturta ma, an ga galektin-3 ya fi yawa a nau'in da ƙwayar cutar ke yaɗuwa sosai a jiki. Tunda na ambace ta: kuturta tana warkewa da haɗin magani na wata 6 ko 12, kyauta ake bayarwa, kuma Bakatsine ya san Babbar Ruga, inda aka daɗe ana jinyar kutare. Tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi, shi ne abin kai wa a duba da wuri.

Na ji akwai maganin da ke sa fata ta saluɓe. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kodayake ba kasafai ba. Likitoci biyu na Amurka, Stevens da Johnson, suka bayyana ciwon a 1922, ake kiransa da sunansu. Garkuwar jikin mutum ce ke yi wa wani magani bore, ta afka wa saman fata. Magungunan da aka fi sani da shi sun haɗa da dangin salfa, da wasu magungunan farfaɗiya, da alofurinol na ciwon gaɓoɓi, da nebirafin na cutar ƙanjamau. Yakan fara cikin makonnin farko na shan sabon magani: zazzaɓi, jan ido, gyambon baki da leɓe, fata mai zafi, sannan ƙuraje masu ruwa. Da yake ƙwayoyin saman fata cike suke da galektin-7, in suka mutu da yawa sai ya kwarara cikin jini, kuma masu bincike a Japan sun nuna hawansa na iya bambanta wannan da borin magani mai sauƙi. Kai dai kada ka jira wani gwaji. A tsayar da maganin, a ɗauki kwalinsa, a nufi babban asibiti a ranar.

Kansar fata fa?

Ƙwayoyin kansa sukan canza sarƙoƙin sukarinsu, kuma wasu suna fitar da galektin don kare kansu. A 2004 masu bincike a Ajantina suka nuna cewa melanoma, kansar ƙwayoyin launi, tana fesa galektin-1 ta kashe dakarun garkuwa da suka zo yaƙarta. A baƙar fata, melanoma ta fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce, inda ba a cika dubawa ba. Baƙin tabo a tafin ƙafa da ke faɗaɗa, tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya fara tsiro, ko ƙurjin zabiya da ya ƙi warkewa, duk na likita ne, a yanki kaɗan a auna.

Zan iya zuwa a auna mini galektin?

Akwai gwajin galektin-3 a jini, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2010, amma don masu ciwon gazawar zuciya ne. Masu duba nama a ɗakin gwaji kuma suna amfani da shi wajen tantance ƙullutun maƙogwaro. Ba gwajin ciwon fata ba ne. Likitan fata da idonsa, da ɗan kankaro ɓawo a duba a madubi, da awon sukari, zai gaya maka abin da ya fi wannan amfani, a kuɗi kaɗan.

Ana tallar wasu ƙwayoyi a waya, wai suna toshe galektin-3. In saya?

Riƙe kuɗinka. Yawancinsu garin fektin ne da ake samu daga ɓawon lemo, ana sayar da shi a matsayin ƙarin abinci, ba maganin da aka tabbatar yana warkar da ciwon fata ba. Kamfanonin magani na gaske sun zuba dukiya a wannan hanya. Wani maganin shaƙa mai toshe galektin-3 da aka gwada a masu tabon huhu, a 2023 aka sanar bai yi aiki ba. Ko a dangin lektin na nesa an ga haka: wata allurar masu sikila da ke toshe lektin mai sa ƙwayoyin jini mannewa a bangon jijiya, Amurka ta amince da ita a 2019, Tarayyar Turai kuma ta janye izininta a 2023 bayan babban gwaji bai nuna amfanin da aka zata ba. Idan masu ɗakunan gwaji suna faɗi-tashi haka, mai talla a WhatsApp da ya ce kwalba uku ta isa, cinikin biri a sama yake maka. Ka kuma tuna ɓerayen nan: wanda ke da rauni a ƙafa, galektin-3 ɗinsa aiki yake masa.

To me zan yi wa fatata da hunturu, kuma ina matsayin man bilicin?

Duk wannan saƙa da na bayyana a ƙarƙashin busasshen saman fata take, kuma shi ne katangarta. Iskar Disamba da Janairu tana tsotse ruwan katangar har ta tsage, faso ya buɗe a dunduniya, leɓe ya fashe. Wanka da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ƙwarai ba, sabulu kaɗan, a bar dirza da soso mai kaushi, a shafa man kaɗanya ko basilin tun jiki da danshi. Faso in ya yi zurfi, a shafa da dare a sa safa.

Man bilicin akasin haka yake yi. Da yawansu na ɗauke da sitiroid mai ƙarfi, ko haidurokwinon, ko zaiba, kuma NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansu. Sitiroid yana sirantar da fata, ya kwantar da masu gadinta, ya rage saurin warkewar rauni. Shi ya sa za ka ga makero ya bazu a jikin mai shafawa, kuma ɗinki ya ƙi kamawa bayan tiyata. Man nan mai haɗi uku da ake saya a kemis don kowane ƙaiƙayi, shi ma akwai sitiroid a cikinsa.

An ce lektin na cikin wake guba ne. Mu daina ƙosai da alala?

Wani abokinmu a majalisa ya zo da wannan, har ya ce ya bar garau-garau. Gaskiya ne ɗanyen wake yana da lektin, kuma jan waken nan na Turawa mai siffar ƙoda yana da shi da yawa, har yakan sa amai da gudawa in bai dahu ba. Amma lektin furotin ne, tafasa tana warware shi kamar yadda take daskarar da farin ƙwai. A jiƙa, a zubar da ruwan, a tafasa sosai aƙalla minti 10, sannan a bar shi ya nuna. Wakenmu na gida ma bai kai jan waken yawan lektin ba, kuma babu mai cin sa ɗanye. Lektin na wake da galektin na fata kama sukari kawai ya haɗa su, zuriyarsu daban. Abin da za a kiyaye da gaske a bayan gida shi ne 'ya'yan zurma: suna da zane mai kyau kamar wake, yara suna wasa da su, kuma taunawa na iya kisa.